Tambayoyinku: Ko Sinadaran Tsirrai Suna Kare Hanta Daga Ɓarnar Giya?

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karo sun shafi hanta ne, musamman kafso da shayi da garin tsirrai da ake tallatawa cewa suna ɗauke da sinadaran antioksidan, wato masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, waɗanda ake cewa suna kare hantar mai shan giya ko su gyara wadda ta riga ta lalace. Na sakaya sunayen masu tambayoyin kamar yadda suka roƙa.

Tambaya: Likita, maigidana ya shafe shekaru yana shan giya, kuma duk ƙoƙarin da muka yi don ya daina bai kai ga nasara ba tukuna. Kwanan nan ya fara shan wani kafso mai suna silimarin, yana cewa daga tsiro aka haɗa shi, yana wanke hanta, don haka giyar ba za ta yi masa illa ba. Shin akwai gaskiya a wannan magana?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba maigidanki lafiya, Ya saka miki da alheri a kan wannan kulawa. Babu wani kafso ko tsimi ko garin tsiro da aka tabbatar yana kare hantar mutumin da yake ci gaba da shan giya. Amma da yake maganar da ya ji tana da tushe a binciken kimiyya, zan bi ta daki-daki, domin ki samu hujjar da za ki riƙe idan kun zauna magana.

Kusan kashi 90 cikin 100 na giyar da mutum ya sha, hanta ce take sarrafa ta. Da farko tana mayar da ita wani sinadari mai suna asitaldihayid, wanda ya fi giyar kanta guba, sannan ta sake juya shi zuwa asitet, wanda jiki yake iya ƙonawa ba tare da cutuwa ba. Idan sha ya yi yawa kuma ya ɗore, wannan hanya ba ta isa, sai hanta ta ƙara dogara da wata hanya ta biyu, wadda Charles Lieber, wani likitan bincike a birnin New York, da abokiyar aikinsa Leonore DeCarli suka fara bayyanawa a 1968, kuma daga baya aka gano cewa wani enzayim, wato sinadarin da yake hanzarta sarrafa abubuwa a jiki, mai suna CYP2E1 ne jigonta. Illar wannan hanya ita ce, tana cikin aikinta take fitar da wasu ɓurɓushin oksijin marasa natsuwa, waɗanda suke afka wa kitsen da ya lulluɓe ƙwayoyin hanta da furotin ɗinsu da ƙwayoyin gadonsu, suna cinsu a hankali kamar yadda tsatsa take cin ƙarfe. Hanta tana da nata makamin kariya, wani sinadari mai suna glutatayon, sai dai yawan giya yana ƙarar da shi a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Daga nan tunanin ya samo asali. Tsirrai da yawa suna ɗauke da sinadaran da suke kame waɗannan ɓurɓushin kafin su yi ɓarna, su ne ake kira antioksidan, don haka masana suka ga ya dace a gwada ko za su cike gurbin da giya ta bari. A kan ɓeraye da ƙwayoyin hanta da aka raina a ɗakin gwaji, sakamakon ya yi kyau ƙwarai, kuma irin waɗannan rahotanni ne masu talla suke ɗauka su buga a jikin kwalba.

Silimarin shi ne aka fi gwadawa a kan mutane. Ana samunsa ne daga ƙwayar wani tsiro mai ƙaya da ake kira Silybum marianum, wanda asalinsa yankin Bahar Rum ne, kuma Turawa sun daɗe suna amfani da shi don ciwon hanta. A 1989 wasu likitoci a Biyana, babban birnin Ostiriya, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi a kan majinyata 170 masu ƙeƙasasshiyar hanta, wato wadda tabo ya mamaye ta har ta taurare, inda aka ba wasu miligiram 140 na silimarin sau uku a rana, wasu kuma aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. Bayan shekara 4, kashi 58 cikin 100 na masu shan silimarin suna raye, yayin da kashi 39 ne kawai suka rayu a ɗaya ɓangaren. Wannan ya sa mutane da yawa suka sa rai. Amma a 1998 likitoci a Sifaniya sun maimaita gwajin a kan majinyata 200 waɗanda giya ce ta ƙeƙasar da hantarsu, suka ba su miligiram 150 sau uku a rana, kuma ba su ga wani bambanci ba, ko a tsawon rai ko a yadda cutar take ci gaba. A 2007 masanan Cochrane, waɗanda aikinsu shi ne tattara gwaje-gwaje su auna ingancinsu, sun haɗa gwaji 18 da suka ƙunshi majinyata 1,088 masu ciwon hanta na giya ko na ƙwayoyin cuta, sai suka tarar cewa idan aka ware gwaje-gwajen da aka tsara da kyau aka duba su kaɗai, amfanin da ake gani a sauran ya ɓace.

Dalilan wannan saɓani tsakanin ɓera da mutum suna da yawa. Silimarin ba ya narkewa sosai a ruwa, kuma kaɗan daga abin da aka haɗiya ne yake shiga jini. Ɓera ana ba shi adadi mai yawa idan aka kwatanta da nauyinsa, sau da yawa ma kafin a fara ba shi giyar, na 'yan makonni kawai, alhali mutum yakan zo ne bayan shekara goma ko ashirin yana sha. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci a ganina shi ne, ɓurɓushin oksijin ƙofa ɗaya ce daga cikin ƙofofin da giya take bi ta yi ɓarna. Tana raunana bangon hanji har gubar ƙwayoyin cutar da ke cikinsa ta riƙa tsallakawa zuwa hanta tana tayar da kumburi, tana hana hanta ƙona kitse sai ya taru a cikinta, asitaldihayid yana manne wa furotin ya tunzura garkuwar jiki, sannan mai yawan sha ba ya cin abinci yadda ya kamata. Toshe ƙofa ɗaya ba ya hana sauran aiki.

Akwai wani gwaji da nake so ki ba maigidanki labarinsa. Shi dai Lieber ɗin nan ya gano cewa wani sinadari da ake tacewa daga waken soya yana hana hantar gwaggon biri ƙeƙashewa ko da ana ba shi giya na shekaru. Sai aka gwada shi a kan tsofaffin sojojin Amurka 789 masu yawan sha, aka wallafa sakamakon a 2003. Sinadarin bai nuna fifiko a kan ƙwayar da babu magani a cikinta ba. Abin da ya faru shi ne, saboda kulawar da ma'aikatan jinya suke ba su duk wata, mutanen sun rage sha daga kimanin kofi 16 a rana zuwa kimanin biyu da rabi, kuma tabon hanta bai ci gaba ba a dukkan ɓangarorin biyu. Rage giyar ya yi aikin da aka sa ran sinadarin zai yi.

Adalci ne in faɗa cewa silimarin ba a san shi da cutarwa mai yawa ba, iyakarsa ɗan ɓacin ciki ga wasu, kuma likitoci a Turai suna amfani da wani sashe nasa ta hanyar ƙarin ruwa ga waɗanda suka ci wani naman kaza mai guba. Abin da nake tsoro game da maigidanki shi ne kwanciyar hankalin da kafson ya ba shi, domin mutumin da ya yarda cewa hantarsa tana da kariya ba ya ganin dalilin rage sha, balle zuwa gwaji. Ki lallaɓa shi ya ga likita a duba hantar. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu yawan sha suna tara kitse a hanta, kuma wannan matakin yakan warware cikin makonni idan an daina. Tsakanin kashi 10 zuwa 20 ne suke kaiwa ga ƙeƙashewa, kuma cutar takan yi nisa kafin mai ita ya ji wani ciwo.

Tambaya: Ina shan giya, ba kullum ba. Gwajin jini ya nuna ALT ɗina ya hau, sai na sha wani haɗin tsirrai na wata biyu, da na sake gwaji kuma ya sauka. Wannan ba shaida ba ce cewa maganin yana aiki?

Amsa: Malam, ba shaida ba ce. ALT enzayim ne da yake tsiyayowa cikin jini idan ƙwayoyin hanta sun ji rauni, kuma yana hawa yana sauka gwargwadon abin da mutum ya sha a makonnin da suka gabaci gwajin, da nauyin jikinsa, da magungunan da yake sha. Ka tambayi kanka tsakani da Allah ko ba ka rage giyar ba bayan ka ga sakamakon farko, domin yawancin mutane suna ragewa ko da ba su ƙudurta ba, kuma hakan kaɗai ya isa ya saukar da shi.

Ka kuma sani cewa ALT ba ya auna tabo. Mutum yana iya kasancewa da ƙeƙasasshiyar hanta alhali ALT ɗinsa bai wuce ƙa'ida ba, kuma a ciwon hanta na giya, wani enzayim ɗin mai suna AST ne ma yakan fi hawa. Ka nemi a duba maka AST da GGT, wanda shi ma enzayim ɗin hanta ne, da albumin, furotin da hanta take ƙerawa, da yawan ƙwayoyin daskarar da jini, a yi maka hoton ciki, in da hali kuma a auna taurin hanta da na'urar FibroScan. Haka nan a gwada ka don ciwon hanta nau'in B da nau'in C, domin idan ɗayansu ya haɗu da giya, ɓarnar takan yi sauri fiye da ta kowannensu shi kaɗai.

Tambaya: Likita, na daina shan giya wata shida ke nan. Don in taimaki hantata ta murmure, ina shan kafson koren shayi, da na kurkum mai haɗe da masoro, da na bita-karotin. Ina kuma shan sigari har yanzu. Tunda duk daga tsirrai suke, ko zan iya ƙara adadin?

Amsa: Ɗan'uwa, ina taya ka murna da wannan wata shida, domin abin da ka yi shi ne maganin da ya fi kowanne ƙarfi. Amma kada ka ƙara adadin kafson, shawarata ma ita ce ka ajiye su duka har sai ka nuna wa likitanka.

Akwai tazara mai yawa tsakanin shan kofin shayi da haɗiyar sinadarin da aka tace aka tattara a kafso. Koren shayi yana ɗauke da wani antioksidan mai suna EGCG. A 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta binciki rahotannin raunin hanta da aka danganta da shi, ta kammala cewa shayin da aka dafa aka sha yadda aka saba ba shi da matsala ga yawancin mutane, amma kafson da yake ba da miligiram 800 na EGCG ko fiye a rana yana tayar da enzayim ɗin hanta. A ƙarshen 2022 Tarayyar ta kafa dokar cewa adadin da ake sha a rana ya kasance ƙasa da haka, a kuma rubuta gargaɗi cewa kada a sha shi ciki babu abinci.

Kurkum ma haka labarinsa yake. Sinadarinsa, kurkumin, da ƙyar yake shiga jini, wannan ya sa masu haɗa kafso suke ƙara masa wani sinadari na masoro mai suna fifarin, wanda wani bincike da aka yi a Indiya a 1998 ya nuna yana ninka abin da ke shiga jini kusan sau 20. A 2019 hukumomin lafiya a Italiya sun tattara rahotannin mutane fiye da 20 da suka kamu da kumburin hanta bayan shan kafson kurkum. A Amurka kuma, masu bibiyar raunin hanta da magunguna ke jawowa sun ba da rahoto a 2022 kan mutum 10, inda aka kwantar da 5 a asibiti, 1 ya rasu, kuma 7 daga cikinsu suna ɗauke da wani nau'in ƙwayar gado guda, abin da ke nuna cewa wasu mutane an haife su da saurin cutuwa da shi ba tare da sun sani ba. Waɗannan masu bincike sun riga sun nuna cewa kason raunin hanta da magungunan tsirrai da na ƙarin lafiya suke jawowa a cikin majinyatansu ya tashi daga kashi 7 zuwa kashi 20 cikin 100 tsakanin 2004 da 2013. Kurkum a cikin girki bai shiga wannan gargaɗi ba.

Wanda ya fi damuna a jerinka shi ne bita-karotin, saboda sigarin da ka ambata. A Finland an gwada shi a kan maza masu shan sigari fiye da 29,000, da fatan zai kare su daga ciwon dajin huhu, amma sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna cutar ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 ga waɗanda suka sha shi. An dakatar da wani gwaji makamancinsa a Amurka a 1996 saboda dalili iri ɗaya, kuma a gwaje-gwajen biyu haɗarin ya fi bayyana ga masu shan giya. Ka samu antioksidan ɗinka daga ganyaye da 'ya'yan itatuwa da wake da hatsi, inda suke zuwa da adadin da jiki ya saba da shi, sannan ka juya wannan himma taka zuwa barin sigari.

Tambaya: Na ji ana cewa jar giyar inabi tana da antioksidan, don haka ta fi sauran sauƙi ga hanta. Na kuma ji cewa gahawa tana kare hanta. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Malam, hanta ba ta bambance giyar inabi da sauran, adadin barasar da ke ciki kawai take ji. Gaskiya ne ɓawon inabi yana da wani sinadari mai suna resberatrol, amma abin da ke cikin kofi ɗaya bai wuce miligiram ɗaya ko biyu ba, alhali barasar da ke cikinsa ta kai giram 10 zuwa 14, kuma sai mutum ya sha ɗaruruwan kofuna a rana kafin ya kai adadin da aka ba ɓeraye a gwaji. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya giya, kowace iri, a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, kuma a Janairun 2023 hukumar ta bayyana cewa babu wani adadin giya da za a ce ba shi da haɗari ga lafiya.

Maganar gahawa ta fi ƙarfi. Wani bincike a Kalifoniya da ya bibiyi mutane fiye da 125,000, aka wallafa shi a 2006, ya tarar cewa masu shan kofi 4 na gahawa ko fiye a rana sun fi waɗanda ba sa sha ƙarancin kamuwa da ƙeƙashewar hanta ta giya da kusan kashi 80 cikin 100, kuma bincike da dama a wasu ƙasashe sun ga irin wannan alaƙa. Sai dai lura aka yi da yadda mutane suke rayuwa, ba a raba su gida biyu an gwada ba, kuma mai ciwon hanta yakan ƙi gahawa da kansa, wanda hakan ma yana iya shafar lissafin. Wanda yake shanta kuma ba ta hana shi barci ko tayar masa da bugun zuciya, yana iya ci gaba. Ban yarda a ɗauke ta a matsayin lasisin shan giya ba.

Tambaya: Likita, yayana ya daɗe yana sha. Makonni biyu ke nan idanunsa sun yi rawaya, cikinsa ya kumbura, ba ya cin abinci. 'Yan'uwa sun sayo masa magungunan tsirrai iri-iri, mun kuma yanke shawarar kulle shi a ɗaki don ya daina sha lokaci guda. Me za ka ce?

Amsa: Ƙanwata, ku kai shi asibiti yau, kada ku jira gobe. Ciwon shawara, wato rawayar idanun nan, da kumburin ciki ga mai yawan sha alamu ne na kumburin hanta mai tsanani ko ƙeƙashewar da ta yi nisa, kuma nau'i mai tsanani yana kashe mutum biyu zuwa uku cikin goma a watan farko.

An gwada antioksidan a kan irin waɗannan majinyata. A Birtaniya, wani gwaji da aka wallafa a 2006 ya kwatanta haɗin antioksidan da maganin sitiroyid mai rage kumburi a kan mutum 101, kuma cikin kwana 30 kashi 46 cikin 100 na waɗanda aka ba antioksidan sun rasu, idan aka kwatanta da kashi 30 na masu sitiroyid. Wani gwajin a 2007 bai ga ƙarin tsawon rai ba bayan wata 6. Wanda ya nuna ɗan alheri shi ne na Faransa a 2011, inda aka haɗa sitiroyid da wani magani mai taimaka wa hanta ƙera glutatayon, mace-macen watan farko suka sauka daga kashi 24 zuwa kashi 8, amma tazarar ta ragu sosai zuwa wata na shida. Shi ma wannan maganin ba na tsiro ba ne, kuma ta jijiya ake ba da shi a gadon asibiti.

Game da kulle shi, ina roƙonku ku janye wannan shawara. Mutumin da jikinsa ya saba da giya kullum, idan aka yanke masa ita farat ɗaya, yakan fara karkarwa da gumi cikin awa 6 zuwa 24, yana iya yin jijjiga irin ta farfaɗiya cikin kwana biyun farko, sannan a kwana na biyu zuwa na uku ya shiga ruɗewa da gane-gane da zazzaɓi, wanda yana iya zama ajali idan babu kulawa. Dole ne ya daina, amma a gaban likitoci, waɗanda za su ba shi maganin da zai sassauta wannan hali, su kuma yi masa allurar bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwarsa. Bayan ya samu sauƙi akwai magungunan rage sha'awar giya, kuma likita ne zai zaɓi wanda hantarsa za ta iya ɗauka.

Abinci ma yana cikin maganinsa. Ana so mai irin wannan ciwo ya samu kalori 35 zuwa 40 da furotin giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, a ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, har da ɗan abin taɓawa kafin barci, a kuma rage gishiri saboda ruwan da ya taru a cikinsa. Kada ku ba shi ibufurofen ko dikilofenak, domin suna iya taɓa ƙodarsa ko su jawo zubar jini, farasitamol ma sai da izinin likita da adadin da ya ƙayyade. Idan ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi, ko ya fara surutai marasa kan gado da yawan barcin rana, ku faɗa wa ma'aikatan asibiti tun daga bakin ƙofa don a gaggauta duba shi. Ku dakatar da dukkan magungunan tsirran da aka sayo, ku zuba su a jaka ɗaya tare da kwalabensu da takardunsu ku tafi da su, domin likita yana bukatar ya san abin da ya sha da ranar da ya fara sha kafin ya tantance ko giya ce kaɗai ta jawo ciwon shawarar ko akwai hannun ɗaya daga cikinsu.